Awa Uku a Titin Gidan Zoo: Yadda Waƙa ke Fitowa Daga Situdiyo

 A wannan makon fita za mu yi da ku, amma ba nesa ba. Kano za mu shiga, Titin Gidan Zoo, inda ake haɗa da yawa daga cikin waƙoƙin da kuke ji a rediyo da gidajen biki da wayoyin yayyenku.

Ga dalilin tafiyar. Wani abokina tun muna sakandare yana koyar da Hausa a wata makarantar maza da ke wajen Kura. Ɗalibansa na ƙungiyar Hausa sun rubuta waƙar bankwana da za a saka ranar bikin yaye 'yan ajin ƙarshe. Wata biyu suna haɗa kuɗi: wannan ya rage kuɗin tararsa, wancan ya kawo ladan aikin da ya yi a gonar shinkafa, malaminsu ya cika sauran. Abin da aka samu ya isa kuɗin mota da awa uku a situdiyo, babu ƙari. Saura kwana goma biki. Idan awa ukun nan suka ƙare ba a samu waƙa ba, babu kuɗin dawowa. Da Malam ya ce in raka su, ban yi musu ba, domin gani ya kori ji.

Hanya

Ranar Asabar da sassafe muka kama hanyar Zariya, mu bakwai: ɗalibai biyar, Malam da ni. Muka wuce Kwanar Dawaki da Na'ibawa, muka sauka a Unguwa Uku, muka rabu cikin Adaidaita Sahu biyu. Muka wuce Asibitin Malam Aminu Kano, a Dangi muka karya kwana muka shiga Titin Gidan Zoo. Tun daga gida ƙaramin cikinsu, ɗan aji huɗu, yake rungume da wani buhu. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce, “Ba komai, Yaya.”

Titin ya samo sunansa ne daga gidan namun daji mai ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A kan titin ne kuma Ado Bayero Mall take. Amma abin da ya kawo mu yana saman benaye da cikin lunguna: ofisoshin masu shirya fim, ɗakunan masu tace hoto, masu buga fasta, da situdiyoyin waƙa. Daga waje ba za ka ce akwai wani abu ba. Ƙasa shagon gyaran waya ne ko na ɗinki, gefe mai shayi, sai matasa a kan benci kowa yana jiran a kira shi.

Harkar fim ɗin Hausa ta bidiyo ta fara ne a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Daga baya waƙa ta zama ƙashin bayan fim. A shekarun 1990 ne fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya iya fitar da sautin ganga da sarewa da goge da yatsunsa kawai. Fim ɗin Sangaya, wajajen 1999, yana cikin waɗanda suka sa kiɗan fiyano ya shiga ko'ina. Mawaƙan da kuka sani a yau, irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Ali Jita da Hamisu Breaker, duk a ɗakuna irin wanda za mu shiga ake naɗar muryoyinsu.

Ɗakin da ba ya amsawa

Muka hau bene, muka cire takalma, muka wuce ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ana rufe ta biyun hayaniyar titi ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Mai situdiyon matashi ne, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, kowa Injiniya yake ce masa. Ya gaida Malam da girmamawa, ya dubi agogo ya ce, “Ƙarfe goma daidai. Ƙarfe ɗaya wasu ke da ɗakin.”

An raba wurin biyu. Babban ɓangaren yana da tebur, kwamfuta, fiyano da lasifika biyu. Ƙaramin, wanda gilashi ya raba su, bai fi faɗin tabarma biyu ba, kuma babu komai a ciki sai makirifo a kan sanda. Bangon duka an lulluɓe shi da soso mai kauri da yadi.

Kafin komai Injiniya ya sa wani ɗalibi ya fita bakin matakala ya tafa hannu sau ɗaya, sannan ya dawo cikin ƙaramin ɗakin ya sake tafawa. A matakala tafin ya yi ta yawo. A ciki kuwa ya mutu nan take. Waɗanda ke ajin kimiyya sun san dalili: sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. A ɗaki mai faɗin mita 3, muryarka za ta je bango ta dawo cikin ƙasa da kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa. Makirifo zai ɗauki muryar, ya ɗauki wadda bango ya dawo da ita, su cakuɗe, sai a ji ka kamar mai magana cikin randa.

A nan ya gyara mana wani kuskure da ya yaɗu. Hana ƙarar waje shigowa daban, hana ɗaki amsawa daban. Na farko sai da bango mai nauyi, da ƙofa biyu, da toshe duk wata kafa da iska ke bi. Na biyu kuwa kayan laushi masu kauri ke yinsa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙarar titi shigowa, abin da yake sha na sauti kaɗan ne, ga shi kuma abincin gobara. Ya ce wanda zai ɗauki murya a gida ya guji ɗakin da babu kaya, musamman mai tayil. Ya nemi ɗaki mai katifa da labule da tulin tufafi, ya jingina katifa a bayansa, ya kashe fanka, ya zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru. Wayoyi kuma a kashe su gaba ɗaya, domin ko an rufe musu baki, neman layin da suke yi yana iya shiga na'ura.

Hanyar da murya ke bi

Daga bakin mawaƙi murya tana shiga makirifo, ya mayar da girgizar iska ta zama 'yar wutar lantarki. Wayar makirifo ta kai ta wani ƙaramin akwati da 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, shi kuma ya ƙara mata ƙarfi ya mayar da ita lambobi, domin kwamfuta lambobi kawai ta sani. A kowace daƙiƙa akwatin yana auna sautin sau 44,100, wanda shi ne ma'aunin faifan CD, ko sau 48,000 idan aikin fim ne. Daga nan manhaja ta zana shi a fuskar kwamfuta kamar ƙayar kifi.

Makirifo iri biyu ya nuna mana. Akwai kwandensa, mai kaifin ji, wanda ko haɗiyar yawu ka yi sai ya ɗauka. Shi yana buƙatar wuta bolt 48 daga akwatin, kuma sai a ɗakin da aka gyara yake daɗi. Akwai dainamik, irin wanda kuke gani a hannun masu gabatarwa a taro, mai jure ƙara da wahala, wanda ba ya kwaso hayaniyar nesa sosai. Ya ce a ɗakin da ba a gyara ba, sau da yawa dainamik mai araha ya fi kwandensa mai tsada amfani.

Manhajojin da aka fi ji a bakin masu wannan sana'a su ne FL Studio ta kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, da Cubase ta kamfanin Steinberg da ke Jamus. Mai koyo kuma yana da Audacity, wadda kyauta ce a kwamfuta, da BandLab da ke aiki a waya.

Da wani ɗalibi ya ce shi dai kayan aikin ne matsalarsa, sai Injiniya ya yi dariya. A 1877 da Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar sauti, cikin wani mazurari ake ɗaga murya, babu makirifo. A 1967 mawaƙan Beatles na Ingila sun yi ɗaya daga cikin shahararrun fayafayensu a situdiyon Abbey Road da ke Landan da na'ura mai layi huɗu kacal. Su Mamman Shata kuwa, shi da makaɗa da 'yan amshi a tare ake ɗaukarsu lokaci guda, kowa ya san aikinsa. Wayar da ke aljihun yayanku a yau ta fi waɗancan na'urori yawan layuka.

Awar farko ta tafi

Sai aka zo kan aiki. Injiniya ya ce jagoran waƙar ya rera baiti ɗaya da baki kawai. Yana rerawa, shi kuma yana lalube a fiyano har ya gano matakin da muryar yaron ta zauna ba tare da ya matse maƙogwaro ba. Wannan shi ne abu na farko: kiɗa ake kai wa inda murya take, ba a jan murya zuwa inda kiɗa yake. Sannan ya sa su tafa, ya ƙirga saurin, ya ɗaure shi a kwamfuta domin kada farkon waƙa ya yi tafiyar hawainiya ƙarshenta ya yi gudun barewa.

A nan matsala ta fito. Waƙar baiti goma sha huɗu ce, kuma ba su taɓa auna ta da agogo ba. Da aka auna, ta haura minti goma sha ɗaya. Ga shi biyu daga cikin 'yan amshi kowa da irin karin da ya haddace. Injiniya ya juyo ya ce, “Malam, a yi haƙuri, sai an rage. Baiti huɗu da amshi. Idan muka ce duka za mu ɗauka, ƙarfe ɗaya za ta yi mana muna rabi.”

Malam ya karɓi takardar, suka haɗa kai da yaran a kusurwa. Na ga yadda ran wanda ya rubuta baitin yabon shugaban ɗalibai ya ɓaci da aka soke nasa. Kafin a gama yanka da daidaita amshi da haɗa kiɗan, ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma ta yi, ba a ɗauki murya ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za a iya yi a ƙarƙashin bishiyar makaranta kyauta, kada a bari sai an zo inda ake biyan kowane minti: a haddace, a auna tsawo, a tsayar da kari ɗaya, a rubuta baitoci da manyan haruffa.

Gaban makirifo

Jagoran waƙar yaro ne mai murya, shi ke jan taken makaranta a taron safe. Amma da aka rufe shi a ƙaramin ɗakin, aka sa masa hedifon, ya ji muryarsa a tsakiyar kansa, sai ya daburce. Ya manna baki a makirifo, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. Wani layi a kwamfuta ya yi ja wur.

Injiniya ya tsayar, ya danna maɓalli ya yi masa magana a hankali. “Ƙanena, ba filin taro kake ba. Ja baya taƙi ɗaya. Ka rera kamar mutum ɗaya kake gaya wa.”

Taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, shi ne tazarar da aka saba bari tsakanin baki da makirifo. Idan ka matso da yawa murya takan yi kauri ta dushe. Idan ka yi nisa ɗaki zai shigo. Duk lokacin da ka ninka tazarar, ƙarfin sautin yana raguwa da kimanin desibel 6, shi ya sa ba a son mawaƙi ya riƙa kai da komowa. Sai dai in zai ɗaga murya sosai, ya ɗan ja baya kaɗan. A tsakani kuma akwai wani zagayayyen abu kamar rariyar tankaɗe. Aikinsa tare iskar da ke fita da haruffa irin su “b” da “f”, wadda in ta bugi makirifo ake jin “bum”. A gida ana iya yin sa da waya da safa mai shara-shara.

Jan layin nan kuwa shi ne babban abin tsoro. A kwamfuta sifili ne rufin ɗaki, ƙarfin sauti daga ƙasa yake hawowa. Idan ya bugi rufin, kan sautin ya yanke, murya ta fashe, kuma gyaranta da wuya. Don haka Injiniya ya sa yaron ya rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ya rage maɓalli har ƙololuwar ta tsaya tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifili. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya. Wadda ta fashe sai dai a sake.

Ya ba shi ruwa mara sanyi, ya karɓe takardar da ke ƙara a hannunsa ya maƙala ta a bango, ya ce ya zame hedifon daga kunne ɗaya don ya riƙa jin kansa kamar yadda ya saba. A ɗauka ta uku murya ta zauna. Kowane baiti sau uku aka ɗauka, ba a goge ko ɗaya ba, domin daga baya za a tsinci layi mafi kyau daga kowace ɗauka a jera. Inda kalma ɗaya ce ta karye, ita kaɗai aka sake.

Muna baiti na uku aka ɗauke wuta. Yaran suka dubi juna, ni ma gabana ya faɗi. Amma kwamfutar ba ta ko ƙifta ba, batir ya riƙe ta. Injiniya ya ce tun yana yaron situdiyo ya taɓa rasa aikin yini guda a haka, tun daga ranar yatsansa ba ya minti biyar bai adana aiki ba. Sai dai maƙwabta sun tayar da injinansu, ya saurara da kyau ya tabbatar gurnaninsu bai shigo ba, sannan aka ci gaba.

'Yan amshi su huɗu aka tsayar da su rabin da'ira, mai babbar murya a baya, mai ƙarama a gaba. Sau biyu suka yi amshin. Ya ce zai ajiye ɗaya a hagu ɗaya a dama, su huɗu su zama kamar aji guda.

Abin da ke cikin buhu

Saura minti talatin da biyar. Injiniya ya saurari abin da aka samu ya ce, “Ta yi, amma irinta dubu ce a titin nan. Wa ya zo da buhun can?”

Yaron ya sunkuyar da kai. Malam ne ya ce, “Buɗe mana.” Kalangu ne. Mahaifinsa makaɗi ne, shi ma ya iya tun yana ƙarami, amma a makaranta yana ɓoyewa don kada a riƙa yi masa tsiya. Ya zo da shi ne ko za a buƙata, da ya ga fiyano da kwamfuta sai ya ji kunyar fito da shi.

Injiniya ya miƙe tsaye. Ya ce a cikin fiyanonsa akwai ganguna iri-iri, amma babu wadda za ta yi abin da kalangu ke yi, domin mai kalangu yana matsa tsirkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, yadda muryar mai magana da Hausa ke hawa da sauka. Ya sauya makirifo ya sa dainamik, ya ajiye shi kamar taƙi biyu daga fatar, ya ɗan karkatar da shi don kada bugun makaɗi ya yi tsini da yawa. Ya rage maɓalli sosai, saboda bugun ganga yana tashi farat ɗaya fiye da murya.

Ɗauka biyu yaron ya yi. Da aka kunna waƙar da kalangun a ciki, ɗalibin nan da aka soke baitinsa shi ya fara tafi.

Haɗawa

Abin da suke kira miksin shi ne haɗa layukan nan su zama abu ɗaya. Injiniya ya ce kamar miya ce: kayan haɗi in sun lalace tun daga kasuwa, babu gwanar da za ta gyara su a tukunya. A minti ashirin ɗin da suka rage ya nuna mana matakan.

Na farko shara. Ya yanke tari da motsin ƙafa da shirun da ke tsakanin baitoci, amma ya bar numfashi, domin mawaƙin da ba ya numfashi ba ya kama da mutum.

Na biyu daidaita ƙarfi, kuma a nan rabin aikin yake. Ya sauke komai ƙasa, ya ɗaga muryar jagora, sannan ya riƙa shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashinta. Ya ce Bahaushe magana yake saurare a waƙa. Harshenmu kuma ba ya son a binne shi: tsayin wasali ne ya raba garin da ake zama da garin tuwo, karin sauti ne ya raba kukan yaro da kukar miya, ɗan ƙaramin bambanci ne tsakanin kafa da ƙafa. Kiɗa in ya danne murya, ma'ana ta tafi.

Na uku ba kowa wurinsa. Murya da kiɗa mai kauri a tsakiya, amshi hagu da dama, kalangu ɗan gefe kaɗan.

Na huɗu ikwalaiza. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza 20 zuwa mai girgiza 20,000 a daƙiƙa. Ikwalaiza tana ba ka damar rage wani yanki ko ƙara shi. A murya ya yanke duk abin da ke ƙasa da 80, inda babu komai sai gurnanin titi da na wutar lantarki, wadda a ƙasar nan take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Inda fiyano ke gogayya da murya, fiyanon ya rage wa. Dokarsa ita ce a fara da ragewa kafin a yi tunanin ƙarawa.

Na biyar kwamfuresa, wadda ke danne wuraren da murya ta yi tsalle don kada wata kalma ta tsorata mai sauraro wata ta ɓace. Na shida amsa-kuwwa, wadda suke kira eko. An kashe amsawar ɗaki lokacin ɗauka ne domin a zuba wadda ake so daidai gwargwado. Ya ƙara ta har muka ji ta sarai, sannan ya rage ta kaɗan. Gishiri ce, in ta yi yawa ba a cin miyar.

Yaran suka tambayi Auto-Tune. Wani injiniya ɗan Amurka, Andy Hildebrand, wanda ya yi aikin nazarin sauti a harkar neman man fetur, shi ya fito da ita a 1997. Tana jan muryar da ta ɗan kauce ta mayar da ita kan layi. Injiniya ya sa kaɗan. Ya ce tana gyara ɗan kuskure, amma ba ta koya wa mutum waƙa.

Kunne

Ƙarfe ɗaya saura minti biyar ya fitar da waƙar, ya tura ta cikin wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da ke kan teburinsa, ya kunna. Ya ce mutanenmu ba a situdiyo za su ji ta ba, a irin wannan wayar za su ji, da rediyon mai shayi, da lasifikar Adaidaita Sahu. Idan kalmomi sun fito a nan, za su fito ko'ina. Ya kuma kunna wata waƙa da ya yarda da aikinta, ya gwada su kusa da kusa, a ƙarfi ɗaya. Amma ya ƙi ba mu a matsayin gamammiya. Ya ce kunnensa ya gaji, sai gobe da safe zai kammala, ya yi mata mastarin, wato gogewar ƙarshe da ke daidaita ƙarfinta da na sauran waƙoƙi.

Na lura duk aikin nan a ƙasa-ƙasa yake sauraro, har muna iya hira. Ya ce kunne ne jarinsa. A ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka fitar, ƙarar da ta kai desibel 85 awa takwas ce iyakarta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ne kawai. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ku da kuke kwana da abin sauraro a kunne, ko kuke tsayawa jikin lasifika a gidan biki har kunne ya riƙa ƙugi, wannan maganar taku ce.

Kafin a sauko daga bene

Malam bai bar wurin ba sai da aka yi abu uku. An rubuta a takarda wanda ya rubuta waƙa, wanda ya rera, wanda ya yi kiɗa, da cewa waƙar ta ƙungiyar ce, kowa ya sa hannu. Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da hukumar da ke kula da ita, kuma rigimar da takarda ɗaya za ta hana tana da yawa. An kuma yi alƙawarin ba su waƙar a nau'in WAV, mai cikakken inganci, ba MP3 kaɗai ba, tare da kiɗan zalla. Sannan za a ajiye ta wuri uku: kwamfutar situdiyo, filashin Malam da imel ɗinsa. Injiniya ya ƙara da cewa duk wanda zai ɗauki waƙa sana'a a Kano ya nemi sanin ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Ni kuma zan ƙara nawa: kada ɗalibi ya je situdiyo sai da izinin iyaye da rakiyar babba, kuma ba a lokacin darasi ba.

Washegari da yamma waƙar ta iso wayar Malam, minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Ranar bikin ban samu zuwa ba, amma ya kira ni da daddare. Ya ce sau biyu aka saka ta, kuma da aka zo wurin kalangu sai da shugaban makaranta ya tambayi wanda ya kaɗa. Yaron ya fito gaban taro, mahaifinsa yana zaune cikin iyaye.

Ga aikin gida. A wannan makon ku ari waya, ku rera baiti ɗaya na waƙar da kuka rubuta da kanku a wuri uku: cikin aji babu kowa, cikin ɗaki mai katifa da labule, da tsakar gida. Tazarar taƙi ɗaya a kowane wuri. Ku saurara, ku rubuta bambancin da kuka ji, ku kai wa malamin kimiyya ya bayyana muku dalili. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.